A Zo Taro da Kod Ɗin da Ya Ƙi Aiki

Duk wanda ya saba zuwa tarukan masu rubuta manhaja ya san yadda yawancinsu suke tafiya, ko a wace ƙasa yake. A jera kujeru sahu-sahu suna fuskantar majigi. Mai gabatarwa ya gode wa kamfanin da ya ɗauki nauyi, wakilin kamfanin ya tashi ya ce suna neman ma'aikata, sannan a kira babban baƙo. Shi kuma ya kwashe minti arba'in yana nuna wani sabon kayan aiki da ya haɗa tun daga gida, ya gwada ya sake gwadawa har ya tabbatar ba zai ba shi kunya ba. A tafa. A ce ko akwai mai tambaya. Mutum biyu su ɗaga hannu, ɗayansu ma ba tambaya gare shi ba, so yake a san shi ma ya iya. A yi hoto, a raba sitika, a watse. Washegari kowa ya buɗe kwamfutarsa ya tarar da matsalar da ta hana shi barci shekaranjiya tana nan inda ya bar ta.

A ganina wannan tsari yana cinye mana abu mafi tsada da taro yake da shi. Jawabi ba ya buƙatar a tara mutane. Yana nan birjik a YouTube, sau da yawa ma wanda ya fi na babban baƙon tsari, kuma kana iya tsayar da shi ka koma baya duk inda ka ɓace. Abin da yake wuyar samu shi ne ka zauna kusa da wanda ya fi ka, aiki ya cije masa a gabanka, ka ga abin da yake yi idan aiki ya cije. Wace tambaya yake fara yi? Ina idonsa yake fara zuwa? Yaushe yake haƙura da zaton da ya fara yi ya kama wani? Saboda haka nake cewa a juya tsarin. Mutane su zo taro da kod ɗin da ya ƙi aiki, wato umarnin da suka rubuta wa kwamfuta, a baje shi a gaban kowa. Abin da ya riga ya yi kyau a bar shi a intanet, mai so ya kalla.

Ba sabon abu nake kawowa ba, da haka ma aka faro. Ranar 5 ga Maris, 1975, mutum 32 suka haɗu a garejin Gordon French da ke Menlo Park a jihar Kalifoniya ta Amurka, bisa gayyatarsa shi da Fred Moore. Abin da ya tara su wata ƙaramar kwamfuta ce mai suna Altair 8800, wadda ba ta da fuska ba ta da madannai, sai 'yan makunnai da fitilu a gabanta. Wannan zama shi ne mafarin Homebrew Computer Club. An sha ba da labarin Steve Wozniak, wanda ya halarci zaman farko, ya koma gida ya fara zana abin da ya zama Apple I, kwamfutar farko ta kamfanin Apple, daga baya ya riƙa raba zanen kyauta ga 'yan ƙungiyar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda ake gudanar da zaman. Da jama'a suka yi yawa aka koma babban ɗakin taro na cibiyar bincike ta SLAC a Stanford, Lee Felsenstein ne yake jan ragama. Yakan ware lokacin da kowa zai iya miƙewa ya faɗi abin da yake nema ko abin da ke hannunsa: ni ina da kaza wanda zan yi musaya da shi, ni kuma na haɗa nawa ya ƙi tashi, wa ya taɓa ganin irin haka? Ba a tsayawa dogon bayani a nan, ana dai lura da wanda ya ce ya sani. Daga baya sai a saki mutane su nemi juna. Tun kafin su ma, a 1955, masu amfani da manyan kwamfutocin IBM sun kafa ƙungiyar SHARE, don sun ga wauta ce kowane kamfani ya zauna ya sake rubuta abin da wani ya riga ya rubuta.

Akwai wani labari da Gerald Weinberg, wani marubuci a kan sana'ar rubuta manhaja, ya bayar a 1971 wanda ya kamata duk mai shirya taro ya sani. A cibiyar kwamfuta ta wata jami'a akwai babban ɗaki da ɗalibai ke zama su yi aikinsu, a gefe guda kuma akwai injinan sayar da abin sha inda mutane ke cincirindo suna hira. Aka kai ƙara cewa surutu ya yi yawa, shugaban cibiyar ya sa aka kwashe injinan. Ba a jima ba layi ya yi tsawo a ƙofar masu ba da shawara kan matsalolin shirye-shiryen kwamfuta, har suka kasa ɗauka. Da aka bincika sai aka gano ashe surutun nan shi ne yake warware yawancin matsalolin. Wani ya yi ƙorafin abin da ya dame shi, na kusa da shi ya ce ai ni ma jiya na gamu da shi, ga yadda na yi. Julian Orr, wani mai binciken halayyar jama'a a kamfanin Xerox, ya ga irin wannan a shekarun 1980 wajen masu gyaran injin kwafe takardu. Kamfani ya ba su kundin umarni mai kauri, amma matsalolin da suka fi wuya ba sa cikinsa. A hirar da suke yi idan sun haɗu ne, kowa yana ba da labarin injin da ya wahalar da shi, ilimin gaske yake zagayawa.

Na taɓa zama a wani ƙaramin taro, mu ba mu fi mu cika tebur biyu ba, inda wata matashiya ta haɗa kwamfutarta da majigi. Shafin rajista ta gina wa wani kwastoma. Mutum zai shigar da ranar haihuwarsa, a ce 10 ga Maris, a ajiye, amma idan ya dawo duba bayanansa sai ya ga 9 ga Maris. A kwamfutarta kuwa lafiya ƙalau. Ta ce ta duba komai. Wani dattijo a sana'ar, wanda ya fi kowa daɗewa a ɗakin, ya ce shi zatonsa rumbun bayanai ne. Aka buɗe rumbun, ga 10 ga Maris zaune daram. Bai yi gardama ba, bai nemi kare zatonsa ba, ya ce, “To ba nan ba ne.” Sai ya juya gare ta.

“Malama, ga wa da wa abin yake faruwa?”

Ta ce ba kowa ba, wasu ne kawai.

“Su wasun nan, me ya haɗa su?”

Ta yi shiru, ta buɗe saƙonnin ƙorafin tana bi ɗaya bayan ɗaya. Can ta ce, “Malam, kamar duk a Amurka da Kanada suke.” Ya ce ta sauya yankin agogon kwamfutarta zuwa na Niyok, kada ta taɓa komai ban da wannan, ta sake loda shafin. Sai ga 9 ga Maris ta bayyana a bango, ɗakin ya kaure da dariya. Dalilin kuwa sananne ne ga wanda ya taɓa faɗa masa. A JavaScript, harshen da ake gina shafukan intanet da shi, idan ka ba Date, ɓangaren da ke kula da lokaci, kwanan wata tsura, shekara da wata da rana ba tare da sa'a ba, yana ɗaukarsa a matsayin tsakar dare a agogon UTC, wato ma'aunin lokaci na duniya. Idan aka zo nuna wa mutumin da agogonsa yake bayan UTC, sai ya faɗa cikin yammacin jiya. Wannan bayani layi uku ne, yana cikin takardun harshen. Amma abin da mutanen ɗakin suka tafi da shi ya fi layi ukun. Sun ga babba ya yi zato, zaton ya faɗi, ya sake shi nan take ba tare da jin nauyi ba. Sun ga an tambayi wa abin yake samu kafin a tambayi me ya jawo shi. Sun ga an sauya abu ɗaya tak a lokaci guda. Da a jawabi ne, da an goge duk wannan, an bar matsala da maganinta a shafi biyu masu tsabta, kamar dama hanyar a miƙe take.

Haka ake koyon ƙananan dabarun da ba wanda yake zama ya koyar. Mutane da yawa sun shekara suna amfani da Git, manhajar da ke ajiye tarihin sauye-sauyen kod, ba su san da umarnin bisect ba, wanda yake raba tarihin sauye-sauye gida biyu, ya sake rabawa, har ya kai ka ga sauyin da ya kawo ɓarna. A cikin sauyi dubu, gwaji kusan goma ya ishe ka. Ba za ka nemi abin da ba ka san akwai shi ba. Sai ranar da ka ga yatsun wani sun buga shi ka ce, tsaya, me ka yi yanzu?

Za a ce ai duk wannan zancen da ne, yanzu akwai ƙirƙirarriyar basira. Gaskiya ne abubuwa sun sauya. GitHub Copilot, mai taya rubuta kod, ya fito a 2021, ChatGPT kuma ranar 30 ga Nuwamba, 2022, kuma tun daga nan tambayoyin da ake yi a Stack Overflow, dandalin tambaya da amsa na masu rubuta manhaja wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a 2008, suka ragu ƙwarai da gaske. Ba na ganin laifin kowa. Me zai sa ka jira awanni, wataƙila ma a rufe tambayarka a ce an taɓa yin irinta, alhali ga abin da zai amsa maka cikin daƙiƙa biyar ba tare da ya yi maka gatsali ba? Ni ma ina amfani da waɗannan injina kullum, kuma mai yiwuwa da matashiyar nan ta liƙa musu kod ɗinta da sun gano matsalar agogon. Sai dai akwai asarar da ba a lissafawa. A da, mutum ɗaya zai yi tambaya a fili, dubbai su karanta amsar shekara da shekaru, su karanta har gardamar da aka yi a ƙarƙashinta. Yanzu mutum ɗaya ne yake tambaya, shi kaɗai yake karantawa, ya rufe shafin, shi ke nan. Ga shi kuma tun 2020 da yawa daga cikin sababbin shiga sana'ar daga gida suka fara aiki. Ba su taɓa samun teburin maƙwabci ba, ba su taɓa jiyo manya biyu suna musu a kan yadda za a tsara rumbun bayanai ba. Injin yana ba su amsar abin da suka tambaya, da cikakken ƙarfin gwiwa ko ya yi daidai ko ya kauce, kuma wanda bai goge ba ba shi da ma'aunin da zai bambance. Wannan ma'auni a wajen mutane ake samunsa. Don haka ni a wurina zuwan waɗannan injina ya ƙara wa taron ido da ido daraja, ya kuma ƙara rage ta jawabi, tunda jawabin ne injin ya iya yi.

Ƙorafin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne na masu cewa koyo a tsakanin tsara makaho ne ke jan makaho. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard, ya gano a farkon shekarun 1990 cewa ɗalibansa suna cin jarrabawa amma ba su fahimci tushen abin ba. Sai ya fara jefa musu tambaya a tsakiyar darasi, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin shawo kansa. Idan aka sake tambaya, masu amsa daidai sukan ƙaru. Bayanin da ya bayar shi ne wanda ya fahimci abu jiya-jiya bai manta inda ya yi tuntuɓe ba, shi kuwa farfesa ya daɗe da mantawa cewa wurin ma yana da wuya. Wanda ya koyi CSS, harshen tsara kamannin shafin intanet, wata shida da suka wuce ya fi gwani iya bayyana wa sabo dalilin da ya sa akwatinsa ya ƙi zama a tsakiyar shafi. Sannan sana'armu tana da wata gata: alƙali yana cikin ɗakin. Idan biyu suka yi musu, a kunna kod ɗin a gani.

Inda gatar take ƙarewa shi ne wajen abin da yake aiki amma ba daidai ba ne. Kod ɗin da yake liƙa abin da mai amfani ya rubuta kai-tsaye cikin umarnin SQL, harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi, zai yi aiki sarai a gaban kowa, a tafa masa, har ranar da ɓarawo zai shigo ta nan ya kwashe rumbun. Wanda ya ajiye kalmomin sirri da MD5, tsohuwar hanyar ɓad da su da ba ta da ƙarfi, shi ma ba zai ga jan rubutu a fuskar kwamfutarsa ba. A irin wannan wuri tsara goma za su iya yarda da kuskure ɗaya baki ɗaya. Shi ya sa ake buƙatar gogagge ɗaya ko biyu a zaman. Amma wurin zamansu cikin jama'a ne, a kujera irin ta kowa, suna jira a zo inda za su ce a'a, kada ku yi haka, ga abin da ya taɓa faruwa.

Babban abin da yake hana duk wannan ba kuɗi ba ne, ba wuri ba ne, kunya ce. Sana'ar nan cike take da mutanen da ke tsoron a gane ba su sani ba, kuma ba banza suke tsoron ba, don akwai masu jiran su gane ɗin. Ka ce ba ka san wani abu ba, wani ya zaro ido ya ce, “Kai! Wai ba ka san wannan ba?” Daga ranar ka rufe bakinka. Wata cibiya a Niyok mai suna Recurse Center, wadda aka buɗe a 2011 da sunan Hacker School, ta yi wa abin ƙa'idoji huɗu da nake ganin kowane taro zai iya ara. Ba a nuna mamakin ƙarya idan wani ya ce bai san abu ba. Ba a katse mutum don gyara masa ɗan kuskuren da bai shafi maganar da ake yi ba. Ba a jefo shawara daga nesa cikin aikin da ba ka zauna ka shiga ba. Ba a yin ƙananan maganganun da ke nuna wa wani cewa irinsa ba nan ne wurinsa ba. Abin da ya burge ni shi ne ba su ɗauki karya ƙa'idar a matsayin babban laifi ba. A ce maka ka yi, ka ce yi haƙuri, a wuce. Eric Holscher, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Read the Docs, dandalin ajiye takardun bayanin manhajoji, ya ƙara wata 'yar dabara a 2017: idan kuna tsaye kuna hira a da'ira, ku bar giɓin mutum ɗaya, idan wani ya shigo ku sake buɗe wani giɓin. Ƙaramin abu ne, amma duk wanda ya taɓa tsayawa shi kaɗai a gefen ɗaki yana latsa waya don kada a ga ba shi da abokin magana ya san girmansa.

Masu tsoron cewa nuna gazawa zai zubar musu da daraja su duba abin da ya faru da GitLab, kamfanin da ke ajiye wa masu rubuta manhaja kod ɗinsu, ranar 31 ga Janairu, 2017. Wani injiniyansu, cikin dare kuma a gajiye, ya goge bayanai a kan babbar sabar yana zaton ta biyu ce. Da aka juya ga hanyoyin ajiyar ko-ta-kwana sai aka tarar ba sa aiki yadda aka zata, aka yi asarar bayanan kusan awa shida. Kamfanin bai ɓoye ba. Ya buɗe takardar da injiniyoyi ke rubuta abin da suke ciki kowa yana gani, ya kuma haska aikin gyaran kai-tsaye a YouTube. Har yau ana ba da misali da wannan dare idan ana koyar da cewa ajiyar da ba a taɓa gwada dawo da ita ba, ba ajiya ba ce. Ban san wani jawabin nasara da ya koyar da mutane da yawa haka ba.

Tsare-tsaren da suka bi wannan hanya suna nan, ba sai an ƙirƙiro ba. Akwai wanda ake kira Coderetreat, da Corey Haines da abokansa suka fara a 2009. Ana wuni guda ana warware matsala ɗaya, wani wasan lissafi na John Conway mai suna Game of Life, mutum biyu a kwamfuta ɗaya. Bayan minti 45 sai a ce kowa ya goge abin da ya rubuta, ya sauya abokin zama, a sake daga farko. Karon farko mutane sukan yi tirjiya, har ka ga mai neman ya ɓoye kwafi. Zuwa karo na uku sun saki jiki, don sun gane ba wanda zai auna su da abin da suka gama, sai su fara gwada hanyoyin da ba za su kuskura su gwada a wurin aiki ba. Rails Girls da aka fara a Helsinki a 2010, da Django Girls da Ola Sitarska da Ola Sendecka suka fara a Barlin a 2014, dukansu tarukan koya wa mata rubuta manhaja, sun bi hanyar ƙananan rukunai, mai koyo kamar uku da mai jagora ɗaya. Django Girls har suna gargaɗin jagora kada ya karɓe madannai daga hannun mai koyo, kuma duk wanda ya taɓa koyar da wani ya san irin ƙaiƙayin da hannu yake yi a wannan lokaci. Idan kuma lallai sai an yi jawabi, a yi na minti biyar-biyar, agogo na bugawa a sauka. Mai jin kunya zai iya daure minti biyar, masu sauraro ma za su iya daure wa mai surutu.

Sai maganar masu ɗaukar nauyi, wadda ba na so a ɗauka ƙiyayya nake yi da su. Ɗaki da lantarki da intanet ba kyauta suke faɗowa ba, kuma manyan kamfanonin fasaha sun taimaka wa ƙungiyoyi da dama a duniya suka tsaya da ƙafafunsu. Amma kamfani yana da abin da yake so a gani, kuma ba kayansa a lalace ba ne. Taron da ya dogara da kamfani ɗaya a hankali yakan zama wurin tallan kayan wannan kamfani, ana auna nasararsa da yawan kawunan da suka fito a hoto. Mutum 200 a hoto sun fi 15 kyau a rahoto, alhali mutum 200 ba za su iya duba kod ɗaya tare ba. Ranar da kamfanin ya sauya manufa kuma sai taron ya bi ruwa. Ko dandalin da ake tara sunayen mahalarta ba abin dogaro ba ne. An kafa irin wannan dandali mai suna Meetup a 2002, WeWork ya saye shi a 2017, ya sayar a 2020, a 2024 kuma ya koma hannun Bending Spoons. A 2019 sun gwada cajin mahalarta dala biyu kan kowace rajista a wasu rukunai, masu shirya taruka suka yi ca a kansu. A Maris na 2020 kamfanin O'Reilly ya rufe sashen manyan tarukansa na ido da ido baki ɗaya, har da OSCON, taron masu manhajojin da kod ɗinsu yake a buɗe ga kowa, da ake yi tun 1999. Taron FOSDEM kuwa, wanda 'yan sa-kai suke shiryawa a harabar jami'ar ULB da ke Brussels a Beljiyam tun farkon shekarun 2000, ba kuɗin shiga ba rajista, ya koma intanet lokacin annoba, ya kuma dawo harabarsa da ta lafa. Shi ma yana da masu tallafa masa, amma ƙungiyoyin masu aikin ne suke riƙe da ɗakunansa, su suke zaɓar abin da za a tattauna.

Abin da ya fi kashe ƙananan taruka dai gajiyar mai shiryawa ce. Mutum ɗaya ne yake neman ɗaki, yake roƙon masu jawabi, yake aika sanarwa, yake kwashe kujeru. Mutum 60 su ce za su zo, 20 su bayyana. Ya yi shekara biyu a haka, ya sami sabon aiki ko aka yi masa haihuwa, taro ya mutu ba wanda ya yi sanarwa. A nan ma tsarin da nake kira gare shi ya fi sauƙin ɗauka, don farautar mai jawabi kowane wata ita ce rabin wahalar. Matsala kuwa ba a farautarta, kowa yana da ita a jaka. A tsayar da rana ɗaya da ba ta motsi, wuri ɗaya, mutum uku masu karɓa-karɓa. Ko mutum biyar ne suka zo a zauna.

Ban manta da waɗanda ɗakin bai ɗauke su ba. Taron da ake yi da daddare a tsakiyar mako ya riga ya tace mai reno, da mai aikin dare, da wanda yake nesa, da macen da ba za ta so komawa gida ita kaɗai a wannan lokaci ba. Waɗannan zaman intanet ya buɗe musu ƙofar da a da take rufe, kuma bai kamata a mayar da ita a rufe don wasunmu sun yi kewar musabaha ba. Raba fuskar kwamfuta ta Zoom ko Discord yana aiki sosai ga mutum huɗu ko biyar masu bin matsala ɗaya. Abin da ba ya aiki shi ne mutum 80 da kyamarori a kashe suna sauraron mutum ɗaya, rabinsu suna wani aikin. Ashe ko a intanet ma matsalar tsarin ce.

Akwai wata ƙaramar matsala ta zahiri: yawancin kod ɗin da yake wahalar da mutane mallakin wurin aikinsu ne, kuma sun sa hannu ba za su nuna shi a waje ba. Wannan a kiyaye shi, kada wani ya rasa aikinsa don burge taro, kada kuma a haska bayanan kwastomomi ko makullan sirri a bango. Mafita ita ce mutum ya ware matsalar, ya sake gina ta a ɗan ƙaramin misali da bayanan bogi. Sau da yawa ma a wajen warewar yake gano amsar, sai ya zo taron da labarin yadda ya gano.

Zaman farko zai yi nauyi. Za a ce wa zai fara, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon madannansa, kamar ɗalibai ranar da malam ya ce wa zai fito allo. Sabon shiga ba zai taɓa farawa ba, kuma bai kamata a tilasta masa ba. Wanda ya fi kowa suna a ɗakin shi ne zai tashi ya haɗa kwamfutarsa da majigi, da matsalar gaske wadda har yanzu bai san amsarta ba, ba wadda ya warware jiya ya zo yana wasan kwaikwayo da ita ba, don mutane suna ganewa. Mai yiwuwa a tashi ba a warware ta ba. Sai a rubuta abubuwan da aka gwada da waɗanda aka kawar, a sa ta farko a jerin zama na gaba, a tambayi wa zai biyo bayansa.